Idan Rufin Ya Rufta, Asarar Wa?

Mahaifina ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, ya yi ritaya a gidan haya, ya kuma rasu a gidan haya a birnin Kano. Ko sadakar arba'in ba a yi ba mai gidan ya turo dillalinsa da saƙo: ɗansa zai yi aure, yana bukatar gidan. Mahaifiyata kuwa tana cikin takaba, wadda shari'a ta ce a yi ta a ɗakin miji, wata huɗu da kwana goma. Ni da yayana muka bi mai gidan har rumfarsa a kasuwa, muka durƙusa a gaban yaransa da masu ciniki, muna roƙon ya ɗaga mana ƙafa na wata uku. Ya ɗaga mana, Allah ya saka masa da alheri. Amma a daren ranar baffanmu ya faɗi maganar da har yau take ci mini rai. Ya ce, "Ai taurin kan Yaya ne ya jawo muku wannan. Abokan aikinsa nawa ne suka karɓi rancen gida, ga su yau kowa a ƙarƙashin rufinsa? Shi kuwa ya kafe wai da ruwa a ciki." Ban ce uffan ba, domin ba a mayar wa baffa magana, balle a gidan makoki. Amsar da na haɗiye a wannan dare ita nake rubutawa yanzu.

Rancen da baffa yake nufi shi ne na Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da doka a 1992. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci kowane wata, a ba shi damar ranto kuɗin gida da ruwan kashi 6 cikin ɗari, ya biya cikin shekaru har 30. Ruwan kaɗan ne in aka kwatanta da na bankunan kasuwanci, amma mahaifina ya ce kaɗan ɗin ma ruwa ne, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina tare da shi a kan haka. Sai dai gaskiyarsa ba ta hana matarsa yin takaba bisa alfarmar wani ba, shi ya sa nake da ƙorafi a kan mutane iri uku: masu cewa duk ɗaya ne, da masu sayar mana da sunayen Larabci, da mu kanmu da muka iya hani muka kasa gini.

Zan fara da masu cewa duk ɗaya ne, domin su suka fi yawa a majalisun ma'aikata. Hujjarsu tana da ƙarfi a ido. Su ce: bankin kasuwanci ya ba ka naira miliyan 20 ka biya 28, bankin Musulunci ya sayi gidan miliyan 20 ya sayar maka 28, to ina bambancin, in ba rawanin da aka naɗa wa na biyun ba? Hasali ma rubutunmu na boko yana taya su ruɗewa, domin kalmomi biyu na Larabci sun shigo Hausa sun zama rubutu ɗaya. Akwai riba mai jan wasalin farko, wadda ɗan kasuwa yake ci da guminsa, akwai kuma riba mai gajeren wasali, wadda Allah ya haramta. Baki yana bambanta su, alƙalami ba ya bambantawa. Don gudun ruɗani, daga nan zan kira halattacciyar riba, haramtacciyar kuwa in kira ta ruwa, kamar yadda mutanen kasuwa suke yi.

Wannan hujja ta duk ɗaya ne ta girmi duk wani banki a duniya. Ita ce mutanen farko suka kawo, Alƙur'ani ya ambace ta ya kuma rushe ta a ƙarshe-ƙarshen Suratul Baƙara, daga aya ta 275 zuwa ta 279. Su ma jimilla suka duba, suka ga ƙari a ciniki, suka ga ƙari a bashi, suka yanke cewa abu ɗaya ne. Abin da suka ƙi dubawa shi ne dalilin ƙarin. Mai sayar da kaya ya mallaki kayan kafin ya sayar, in sun lalace a hannunsa shi ya yi asara, don haka ya cancanci ribarsa. Mai ba da bashi da ruwa bai mallaki komai ba sai bashin da ke wuyan wani, kayan da aka saya da kuɗinsa ko sun ƙone ko sun nutse ba ruwansa, ƙarinsa yana nan yana tafiya da kwanaki. Ma'aunin da nake roƙon mai karatu ya riƙe ke nan a duk takardar gida da za a miƙo masa: wa ya mallaki gidan a kowane lokaci, kuma idan rufin ya rufta, asarar wa?

Mu auna hanyoyin da malaman fiƙihu suka amince da su da wannan ma'auni. Ta farko ita ce murabaha. Banki ya sayi gidan da kuɗinsa, ya shiga mallakarsa, sannan ya sayar maka a kan farashin da kuka yanke, ya bayyana maka uwar kuɗi da ribarsa, ka riƙa biya kashi-kashi. Kafin ya sayar maka, duk abin da ya sami gidan asararsa ce. Bayan ya sayar, gidan naka ne, asararsa taka ce, amma farashin ya daskare: miliyan 28 ɗin nan ba za ta zama 29 ba don ka makara, ba za ta motsa ba don Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ruwa. Ta biyu ita ce ijara mai ƙarewa da mallaka. Gidan na banki ne, kai ɗan haya ne, manyan gyare-gyare suna kan mai gida, in gidan ya rushe haya ta tsaya, a ƙarshen wa'adi kuma a mallaka maka shi da wata yarjejeniya ta daban.

Ta uku, wadda na fi ganin adalci a cikinta, ita ce musharaka mai raguwa, wato tarayya. A ce gidan na miliyan 20 ne, ka kawo 4, banki ya kawo 16. Kana da kashi ɗaya cikin biyar, yana da huɗu. A ce hayar irin wannan gida a unguwar miliyan ɗaya da rabi ce a shekara. Tunda kai ke zaune a ciki, za ka biya hayar kason banki kaɗai, wato miliyan 1.2 a shekarar farko, kana kuma sayen kasonsa na miliyan 1.6 duk shekara. In muka bar farashi da haya yadda suke don sauƙin lissafi, bayan shekara biyar kason banki ya dawo kashi 40 cikin ɗari, hayarka ta sauko zuwa naira dubu 600, bayan shekara goma gidan ya zama naka ɗungurungum. To a ce a shekara ta biyar ruwa ya ci gidan, kamar yadda ambaliyar madatsar Alau ta ci gidajen Maiduguri a watan Satumba na 2024. Mai tarayya ya yi asarar kasonsa, banki ya yi asarar nasa, in akwai takaful a raba diyya gwargwadon kaso. Mai rance da ruwa kuwa zai tsaya a kan kufai, ana binsa ragowar bashin gaba ɗaya, ruwan ma bai daina hawa ba. Wanda ya ce waɗannan mutum biyu halinsu ɗaya ne, ya je ya faɗa wa na biyun.

Idan wannan hujja ta faɗi, sai su koma ga lissafi. Su ce hauhawar farashi a Najeriya ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari a ƙarshen 2024, don haka wanda aka ba rance da ruwan kashi 6 kyauta aka yi masa, domin kuɗin da zai mayar ba su kai darajar waɗanda ya karɓa ba. Ban musa lissafin ba. Amma haramcin bai rataya a kan yawan ƙarin ko ƙarancinsa ba, ya rataya ne a kan sharaɗin ƙari a cikin bashi. Kuma wannan hujja tasu ni take taimaka wa. Idan hukuma tana iya ɗaukar nauyin rangwame mai girma haka, to tana iya zuba rangwamen nan a cikin farashin gida ta sayar kashi-kashi, ko a cikin haya mai sauƙi, ma'aikaci ya biya daidai abin da zai biya a da, ba tare da an sa shi zaɓi tsakanin rufi da addininsa ba. Wasu kuma su jawo fatawar da Majalisar Fatawa ta Turai ta bayar a 1999, wadda ta yi sassauci ga Musulmin can su sayi gidan zama da rancen banki. Su manta cewa an gindaya mata sharuɗɗa, ciki har da rashin wata hanyar halal, kuma malamai da yawa sun yi mata raddi tun a lokacin. Wanda ke zaune a Kano ko Kaduna, inda bankin Jaiz ya buɗe rassa tun 2012, daga baya TAJ ya zo a 2019, Lotus ya biyo a 2021, da wace fuska zai ari uzurin mutumin Landan na 1999, alhali ko ƙofar waɗannan bai ƙwanƙwasa ba?

Sai dai masu cewa duk ɗaya ne ba haka kawai suka samu bakin magana ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, masu tsaga bangon kuwa su ne mutane na biyu da nake ƙorafi a kansu. Shekara biyu bayan rasuwar mahaifina na je wani kamfanin sayar da gidaje da ba zan ambaci sunansa ba, wanda ya cika tallarsa da kalmar musharaka. Aka zaunar da ni, aka kawo shayi, aka miƙo takardu. Na tambayi jami'in, "Ranka ya daɗe, idan gobara ta tashi ba da sakacina ba, wa zai ɗauki asarar kasonku?" Ya ce ni. Na ce manyan gyare-gyare fa, kamar tsagewar bango ko ruftawar rufi? Ya ce ni. Na ce in na kasa biya aka sayar da gidan ƙasa da yadda aka saye shi? Ya ce za su cire kuɗinsu cif, abin da ya rage nawa ne. Na ce tarar makara fa, ina take zuwa? Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai ka cika bincike." Na ajiye masa takardunsa. Abokin tarayyar da ke cin riba kullum, ba ya taɓa cin asara, mai bin bashi ne, ko da sunansa ya fito daga tsakiyar littafin fiƙihu.

Mu mabiya mazhabar Malikiyya mu ne ya fi kamata mu gane wannan, domin mazhabarmu ta yi suna wajen toshe ƙofofin da ke kai wa ga haram. Malamanta sun hana cinikin da ake kira ina, inda mutum zai sayar maka da kaya bashi a kan ɗari da ashirin, nan take ya saye su daga hannunka ɗari kuɗi hannu. Kayan sun je sun dawo, abin da ya rage shi ne an ba ka ɗari ana binka ɗari da ashirin. Duk ɗalibin da ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san malamanmu ba su yarda da wasa da siffar ciniki ba. To me ya sa idan irin wannan dabarar ta zo cikin kwat da takarda mai sheƙi sai mu yi shiru?

Adalci ne in ambaci abin da ban ɗauka laifi ba. Cibiyoyin Musulunci da yawa suna duban ruwan da ke kasuwa kafin su yanke ribarsu ko hayarsu, shi ya sa jimillar takan yi kusa da ta bankin kasuwanci. Malamai irin su Muhammad Taƙi Usmani na Pakistan sun yi bayani cewa wannan kaɗai ba ya ɓata ciniki matuƙar sauran sharuɗɗan sun cika, ko da yake ba shi ne abin da ake so ba. Tsada ma ba ta mayar da ciniki haram, kamar yadda araha ba ta halatta ruwa. Abin da ba ya karɓar sassauci shi ne mallaka da ɗaukar asara. Don haka mai neman gida ya nemi ganin shaidar cewa cibiyar ta mallaki gidan ko kasonta kafin ta sayar ko ta ba da haya. Ya duba ko farashin yana iya ƙaruwa saboda makara. Ya tambayi inda tarar makara take zuwa, domin ƙa'idojin AAOIFI, hukumar da ke Bahrain mai tsara wa cibiyoyin kuɗi na Musulunci sharuɗɗa, sun ce sadaka ake yi da ita, ba ta shiga ribar banki. Ya kuma kai takardar ga malamin da ya san fiƙihun ciniki da lauyan da ya san dokar ƙasa, kafin ya sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙorafina mafi zafi yana kanmu. Tun ina yaro nake jin wa'azin haramcin ruwa, a masallaci da rediyo da tafsirin azumi, kuma gaskiya ne abin da ake faɗa. Amma ban taɓa jin an tashi daga wa'azin an ce gobe a haɗu a kafa asusun da zai saya wa ma'aikata gidaje ba. Mun ce wa mutum kada ya bi wannan ƙofa, muka bar shi tsaye a rana. Abin kunya kuma, a lungunanmu muna cin abin da muke zagin banki a kansa. Mece ce jinginar gida yadda muke yin ta? Ka ba mai gida naira miliyan 3, ka shiga gidansa ka zauna shekaru ba haya, ranar da ya dawo maka da miliyan 3 ɗinka cif ka fita. Hayar shekarun nan da ka ci, ita ce ƙarin da bashinka ya jawo maka, malamai kuwa sun daɗe da bayyana hukuncin bashin da ke jawo wa mai shi amfani. Sai ka ga mai yin wannan a sahun gaba yana girgiza kai idan an ambaci banki.

Ba rashin fatawa ne ya hana mu ba. Tun a watan Maris na 1990 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a kan wannan batu na gidaje. Ta tabbatar da cewa muhalli bukata ce ta asali, ta haramta rancen gida mai ruwa, sannan ba ta tsaya nan ba, ta jero mafita: hukuma ta ba da rance marar ruwa, ko ta gina ta sayar kashi-kashi, ko masu jari su gina su sayar da jinkirin biya, ko a yi yarjejeniyar istisna'i, wato a ba da kwangilar gini a biya a hankali. Ba rashin misali ba ne kuma. Musulmin Toronto a Kanada, baƙi 'yan tsiraru, sun kafa ƙungiyar haɗin gwiwar sayen gidaje ba ruwa tun farkon shekarun 1980. Mu da muke miliyoyi, da attajiran da ke sake zuwa Umra duk azumi, wane uzuri muke da shi?

Na san matsalar da bankuna ke kuka da ita, kuma kukan na gaskiya ne. Kuɗin da ke hannunsu na masu ajiya ne, waɗanda za su iya zuwa gobe su ce a ba su abinsu, don haka da wuya su ɗaure shi a gida na shekara 20. Amma dogon kuɗi yana nan a ƙasar. A 2017 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sukuk na naira biliyan 100 ta yi tituna da shi. Abin da ya shimfiɗa kwalta zai iya ɗora rufi. Hukumar fansho ta buɗe asusu marar ruwa a 2021, ta kuma ba ma'aikaci damar amfani da kashi 25 cikin ɗari na ajiyarsa wajen sayen gidan zama a 2022. Saura a haɗa waɗannan igiyoyi wuri guda. Akwai kuma aikin da ke kan gwamnoni, waɗanda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa wa filaye amana. Cinikin halal yana sa gida ya sauya hannu sau biyu, daga mai shi zuwa banki, daga banki zuwa mai saye, kowane sauyi kuwa yana neman amincewar gwamna da kuɗaɗenta. Wannan ninki shi ke tura cibiyoyi su guje wa mallaka ta gaskiya. Ingila ta gyara dokarta a 2003 don kada a karɓi harajin sauya mallaka sau biyu a irin wannan ciniki. Jihohin da suka ayyana shari'a tun kusan shekara ta 2000 su ne suka fi cancanta da su riga kowa yin haka.

Ni dai ban iya jiran gwamna ba. Mu goma sha huɗu a wurin aikinmu muka mayar da adashinmu tarayya. Muka rubuta yarjejeniya, wani malami da wani lauya suka duba ta, kowa yana zuba abin da ya iya duk wata, in kuɗi sun taru a sayi ƙaramin gida a bayan gari tare da wanda layi ya zo kansa, ya riƙa biyan hayar kasonmu yana sayensa sannu a hankali. Tafiyar tana da nawa, gida biyu kacal muka saya zuwa yanzu. A daminar bara iska ta kwashe rufin gida na farko, lokacin mai zama a ciki yana da kashi 30, mu muna da 70. A taronmu wasu suka fara gunaguni, wani ya ce ai shi ke kwana a ciki, shi ya kamata ya gyara. Sai ma'ajinmu ya ɗauko yarjejeniyar ya karanta, ya ce, "'Yan'uwa, hayar kashi 70 muke karɓa duk wata, ba wanda ya taɓa cewa ta yi masa yawa." Aka yi shiru. Muka biya kashi 70 na kuɗin kwano da katako da na kafinta, rabon ribar shekarar ya ragu, hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Mahaifiyata har yanzu a gidan haya take, a wata unguwar. Layina zai zo badi in Allah ya kai mu, kuma ɗakin da ke kusa da ƙofar tsakar gida nata ne, domin ƙafarta ba ta son nisa. Ranar da za mu tare zan je da kaina in ɗauko baffa, in shimfiɗa masa tabarma a zaure, in nuna masa takardar tarayyar, in roƙe shi ya yi wa yayansa addu'a.